Filin Kimiyya Da Sana'a: Alamar Dala, Turken Lissafin Kwamfuta

Duk akawun da ya taɓa zama gaban kwamfuta a ƙarshen wata, ga albashin mutum 200 yana jiransa, ga kuma shugaban ofis yana leƙowa yana tambaya ko an gama, ya san ni'imar da ke cikin kwafar fomula. Mutum zai rubuta lissafi sau ɗaya tak a sahun farko, sa'an nan ya kama kusurwar gidan ya ja ƙasa, kafin ƙiftawar ido lissafin kowa ya fito. Aikin da yakan cinye yini guda a zamanin babban littafi da alƙalami, yanzu ba ya kai tsawon shan kofin shayi. Amma kuma a daidai wannan ja ɗin ne ɓarna take shiga lissafin ofisoshi da makarantu da shaguna, maganinta kuwa wata 'yar alama ce guda ɗaya wadda mutane da yawa sukan gani su wuce, watau alamar dala, $.

Ga waɗanda ba su saba da abin ba, takardar lissafi ta kwamfuta, irin su Excel da Google Sheets da LibreOffice Calc, fili ne da aka yayyanka gida-gida kamar ramukan dara. Layukan da suke tsaye, waɗanda za a kira ginshiƙai a nan, ana sa musu suna da haruffa, A, B, C har zuwa gaba. Waɗanda suke kwance kuwa, watau sahu-sahu, ana ƙirga su da lambobi. Kowane gida yana samun sunansa daga harafin ginshiƙinsa da lambar sahunsa, saboda haka C2 shi ne mahaɗar ginshiƙi na uku da sahu na biyu. Filin kuwa ba ƙarami ba ne, domin tun daga Excel na 2007 shafi guda yana ɗauke da sahu 1,048,576 da ginshiƙi 16,384. A kowane gida ana iya rubuta suna, ko adadi, ko kuwa fomula, watau umurnin lissafi wanda yake farawa da alamar daidai, =, yana kiran sunayen waɗansu gidaje domin a haɗa abin da ke cikinsu, ko a ɗebe, ko a ninka, ko a raba.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, kwamfuta ba ta riƙe sunan gida yadda ido yake ganinsa a rubuce. Idan aka rubuta =A2*B2 a cikin gidan C2, tauraron nan kuwa shi ne alamar "sau", mutum yana ganin ya ce A2 sau B2 ne. Amma abin da na'urar ta fahimta shi ne, a ɗauki abin da ke gida na biyu daga hagu a ninka shi da abin da ke gida na farko daga hagu, duka a sahun da ake tsaye. Watau kwatance ta riƙe, irin wanda akan yi wa baƙo a ce masa daga inda yake tsaye ya wuce gida biyu ya yi sallama a na uku. Shi ya sa idan aka kwafi fomular zuwa C3 sai ta zama =A3*B3, a C4 ta zama =A4*B4, haka har ƙasa. Wannan hali shi ne ya sa kwafar take da amfani, domin kowane sahu yana bukatar a yi masa lissafi da adadin da ke cikinsa. Sai dai kwatance irin wannan yana tafiya ne tare da mai tafiya, alhali akwai wuraren da ba a neman su ta haka. Wanda aka aika Dutsen Dala, ko daga Fagge ya taso ko daga Gwale, dutsen yana nan inda yake, kuma duk wanda ya ce masa ya wuce gida biyu ya ɓatar da shi.

A ɗauki misalin albashi, tun da yake shi ne ya fi taɓa aljihun jama'a. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, shi kuma wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Akawu mai tsari ba ya cusa irin waɗannan lambobi cikin fomula, yakan ware musu gidaje a gefe. A ce ya sa kashi 8 a H1, kashi 10 a H2, sa'an nan kashi 2.5 na asusun gidaje a H3. Sunayen ma'aikata suna ginshiƙin A, albashinsu yana B, abin da za a cire na fansho kuma zai fito a C. Sai ya rubuta =B2*H1 a gidan C2, ya ga mai Naira 100,000 an cire masa Naira 8,000, daidai wa daida. Hankalinsa ya kwanta, ya ja fomular har sahu na 201.

To, a nan fa ake yin ta. A sahu na 3 fomular ta zama =B3*H2, domin kamar yadda B2 ya sauko taki ɗaya, haka H1 shi ma ya sauko. Saboda haka ma'aikaci na biyu, in albashinsa daidai yake da na farko, an zaftare masa Naira 10,000. Na uku an cire masa Naira 2,500 kawai. Daga na huɗu har zuwa na 200 kuwa ba a cire ko kwabo ba, domin H4 da gidajen da ke ƙarƙashinsa babu kome a cikinsu, kwamfuta kuwa tana ɗaukar gidan da ba kome a matsayin sifiri. Ba za ta yi ƙara ba, ba za ta yi jan rubutu ba, domin a wajenta abin da aka umurce ta shi ta yi. Idan ofishin yana da mai duba aiki mai ido, za a gano tun kafin takarda ta isa banki. In kuwa babu, mutum 197 za su karɓi fiye da haƙƙinsu su yi murna, asusun fanshonsu ya zauna wayam a wannan wata, ranar da aka farga kuma a cire musu na wata biyu a lokaci guda, sai ka ji ƙungiyar ƙwadago ta kira taro. Shi kuwa akawu, takardar neman bahasi ce za ta same shi a kan tebur.

Da ya rubuta =B2*$H$1, da duk wannan bai faru ba. Alamar dala turke ce. Wadda ke gaban H ta ɗaure ginshiƙin, wadda ke gaban 1 ta ɗaure sahun, saboda haka ko ina aka kai fomular, B2 zai ci gaba da saukowa ya zama B3, B4 har B201, amma $H$1 yana nan daram. Ba ta da wata dangantaka da kuɗin Amurka, balle dalar da kakanni suka sani mai sule biyu, wadda ta kau da zuwan Naira a 1973, ko dalar 'yan'uwa na Nijar mai tamma 5. An ari alamar ne kawai aka ba ta wani aiki. Kuma ba lalle sai mutum ya buga ta da hannu ba. Yayin da ake cikin rubuta fomula, idan aka tsaya a kan sunan gida aka danna maɓallin F4, H1 zai zama $H$1, a sake dannawa ya zama H$1, a sake ya zama $H1, a na huɗu ya koma yadda yake. A kan kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa sai an haɗa da maɓallin Fn. Wanda yake aiki da wayar hannu kuwa, waɗanda yanzu ba kaɗan ba ne a kasuwanni, ba shi da F4, tilas ya nemo alamar cikin shafin lambobi ya sa ta da kansa. A kuma yi hankali kada yatsa ya zame ya haɗa F4 da Alt, domin wannan rufe aikin yake yi ɗungurungum.

Yana da kyau a san cewa ba haka abin ya fara ba. Takardar lissafi ta farko da ta shahara a ƙananan kwamfutoci ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979 domin na'urar Apple II. Bricklin ya yi tunanin abin ne lokacin yana ɗalibi a makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Harvard a Amurka. Ita VisiCalc, duk lokacin da za a kwafi fomula, sai ta tsaya ta tambayi mai aiki a kan kowane gida da aka ambata, ɗaya bayan ɗaya, ko ya matsa ko kuwa a bar shi yadda yake, mutum ya amsa da harafin R ko N. Akwai gajiya a cikin wannan, amma tana tilasta wa mutum ya yi tunani kafin ya kwafa. Lotus 1-2-3, wadda ta fito a 1983 ta mamaye ofisoshin duniya, ta yi amfani da alamar dala da maɓallin F4, sa'an nan Excel ta zo a 1985 a kan Macintosh, a 1987 kuma a kan Windows, har yau kuwa wannan tsari ake bi. An sami sauri, amma an rasa tambayar. Na'urar yanzu ba ta tambayar kowa, tana ɗauka cewa duk gidan da ba a ɗaure ba an yarda ya yi tafiya.

Mutane da yawa, da zarar sun gano turken, sai su shiga ɗaure kome da kome, wannan kuwa wata ɓarnar ce dabam. Akawun da ya rubuta =$B$2*$H$1 ya ja ƙasa, ya cire wa kowa daidai abin da ya cire wa mutum na farko. In kuwa jerin ya fara da darakta ne, kamar yadda aka saba, to, masinja da mai gadi za su biya fanshon darakta daga ɗan abin da suke karɓa.

Inda gwaninta take shi ne ɗaurin rabi, watau a ɗaure ginshiƙi a saki sahu, ko a ɗaure sahu a saki ginshiƙi. Gidan da aka yi wa irin wannan ɗauri kamar jirgin ƙasa yake a kan dogo, yana kai da komowa bisa layinsa amma ba ya sauka daga kai. Ka'idar kuwa ɗaya ce, alamar tana ɗaure abin da ya biyo ta kai tsaye. A cikin $A2, harafin A ne ɗaurarre, lambar tana iya canzawa. A cikin B$1, lambar 1 ce ɗaurarriya, harafin yana iya canzawa.

Babu abin da ya fi nuna amfanin wannan kamar jadawalin sau, wanda kowane ɗan firamare ya rera. A jera 1 zuwa 12 a ginshiƙin A, daga A2 zuwa A13, a kuma jera 1 zuwa 12 a sahun farko, daga B1 zuwa M1. Gidajen da ke tsakani 144 ne, kuma fomula guda ta isa ta cika su duka. Wanda ya rubuta =A2*B1 a gidan B2 ya ja dama, zai ga abin mamaki. B2 zai ba da 1, daidai. C2 zai ba da 2, shi ma daidai, sai mutum ya saki jiki. Amma D2 zai ba da 6, E2 ya ba da 24, F2 ya ba da 120, kafin a kai M2 kuwa 1 sau 12 ta zama 479,001,600. Dalili shi ne A2 ya bar wurinsa ya bi fomular, saboda haka kowane gida yana ninka amsar maƙwabcinsa na hagu ne. Wanda kuma ya ɗaure duka, =$A$2*$B$1, zai sami 1 a gidaje 144. Abin da yake daidai shi ne =$A2*B$1. Tambayar da mutum zai yi wa kansa ita ce, ina lambobin suke zaune? Rukunin farko yana zaune a ginshiƙin A, sai a ɗaure A. Rukuni na biyu yana zaune a sahu na 1, sai a ɗaure 1.

Wannan jadawali ba na yara kaɗai ba ne. Dillalin hatsi a kasuwar Dawanau wanda yake son ya ga kuɗin buhu 10 da 20 da 50 da 100 na masara da gero da dawa a shafi guda, wannan fomula ce zai yi aiki da ita, yawan buhuna a ginshiƙin A, farashi a sahun farko. A ce, a misali kawai, masara Naira 40,000 ce, gero kuma Naira 45,000. In bai ɗaure ba, gidan farko zai ba shi Naira 400,000, na biyu kuwa ya ninka wannan da 45,000 ya ce buhun gero 10 ya kama Naira biliyan 18. Irin wannan kuskure yana da sauƙi, domin ko yaron shago zai yi dariya ya ce a sake dubawa. Haka ɗan canji da yake lissafin Naira da sefa da riyal, haka mai kwangila da yake auna kuɗin siminti a farashi dabam-dabam kafin ya sa hannu.

Wanda ya fi haɗari shi ne kuskuren da yake fitowa da adadi mai kama da gaskiya, kuma babu inda ya fi ɓuya kamar takardar sakamakon jarrabawa. Malamin aji yana da yara 50, an jera sunayensu bisa haruffa daga sahu na 2 zuwa na 51, jimlar makin kowa tana ginshiƙin D. Yana son ya fitar da na ɗaya da na biyu har zuwa na ƙarshe, sai ya rubuta =RANK(D2,D2:D51), watau a gwada makin yaro na farko da na dukan ajin, ɗigo biyun nan kuwa suna nufin "daga nan zuwa can". Amsar yaro na farko ta fito daidai, malam ya duba ya gamsu, ya ja ƙasa. A sahu na 3, jerin da ake gwadawa ya zama D3:D52, yaro na farko ya faɗi daga cikin gasar, an maye gurbinsa da gidan da ba kowa. A sahu na 4 yara biyu sun fita. Haka jerin yake ta zamewa, kowane yaro ana gwada shi ne da waɗanda suke ƙasa da shi a rajista kawai. Yaron da yake sahun ƙarshe, fomularsa ta zama =RANK(D51,D51:D100), ba shi da abokin gwaji sai kansa, saboda haka lalle ya zo na ɗaya ko da bai amsa tambaya ko guda ba.

Abin lura a nan shi ne, wannan kuskure ba ya saukar da matsayin kowa. Ko dai ya bar yaro inda yake, ko ya ɗaga shi sama. Saboda haka ba uban da zai zo makaranta da ƙorafi, kowa ya ga ɗansa ya yi ƙoƙari, musamman masu sunayen da suka fara da Y da Z. Wanda aka zalunta shi ne yaron da ya ci na ɗaya da guminsa, ya tarar da waɗansu suna raba matsayin da shi ranar ba da kyaututtuka, da kuma yaron da yake bukatar a ja masa kunne tun da wuri, aka rubuta masa na biyar a katinsa aka sallame shi hutu. Gyaran kuwa alamomi huɗu ne, =RANK(D2,$D$2:$D$51). Makin yaron ya yi ta saukowa, ajin kuwa ya tsaya cif. Haka lamarin yake ga fomular VLOOKUP mai nemo farashi ko suna daga wani jeri, in ba a ɗaure jerin ba, sahun farko-farko za su fito lafiya, can ƙasa kuma a fara ganin #N/A ga kayan da suke nan cikin jerin ƙuru-ƙuru. Masu aiki da Excel na Faransanci a Nijar da Kamaru da Cadi za su ga RANG a maimakon RANK, SOMME a maimakon SUM, amma alamar dala ba ta canza ba.

Akwai kuma lokacin da ake son jeri ya riƙa tsawo da gangan. Ma'ajin ƙungiya ko uwar adashe da take son ta ga abin da ya taru zuwa kowace rana, sai ta sa zubin kowace rana a ginshiƙin B, ta rubuta =SUM($B$2:B2) a gidan C2. Kan jerin yana ɗaure, wutsiyar a sake, kamar igiyar da aka ɗaure gefe guda a turke ana jan ɗaya gefen. A sahu na 10 ta zama =SUM($B$2:B10), a na 30 ta zama =SUM($B$2:B30), kowane gida yana nuna jimla daga ranar farko zuwa ranarsa.

Sai dai kada a ɗora wa turken abin da ba aikinsa ba. Kwafa kaɗai yake tsarewa. Idan aka ƙara sabon sahu a saman shafi, H1 ya koma H2, to, fomular za ta gyara kanta ta zama $H$2, wannan kuwa alheri ne, domin adadin take bi. Idan aka yanke fomula aka kai ta wani gida, maimakon a kwafe ta, ba abin da zai canza a cikinta, da alama ko ba alama. Idan aka cire ginshiƙin H gaba ɗaya, alamar ba za ta cece shi ba, #REF! ne zai cika shafin. Wanda ya fi kama mutane kuwa shi ne kai fomula wani shafi. A Excel, $H$1 yana nufin H1 na shafin da fomular take zaune, saboda haka in an kwafe ta daga shafin Janairu zuwa na Fabrairu, H1 na Fabrairu za ta duba. Mai son ta ci gaba da duba na farko, sai ya haɗa da sunan shafin, Janairu!$H$1.

Game da bincike kuwa, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Al'adar yawancin ma'aikata ita ce su duba sahun farko, alhali sahun farko shi ne wanda ba ya taɓa nuna wannan cuta. Na ƙarshe ya kamata a duba. A je gidan da yake can ƙasa a danna F2, Excel za ta kewaye gidajen da fomular take kira da launuka, nan take mutum zai ga ko akwatin ya zame ya faɗa fili. Haɗa Ctrl da maɓallin da ke ƙarƙashin Esc kuma yakan juya shafin duka ya nuna fomuloli a maimakon amsoshi. Har ila yau akwai wata tsohuwar hanya ta rubuta sunayen gidaje wadda Microsoft ta yi amfani da ita a Multiplan ta 1982, kuma har yanzu ana iya kunna ta a cikin saitin Excel, ana kiranta R1C1. A wannan tsari, fomular albashi mai kyau za ta fito =RC[-1]*R1C8 a dukan sahu 200, watau gida ɗaya daga hagu sau sahu na 1 ginshiƙi na 8. Mai kuskuren kuwa za ta fito =RC[-1]*R[-1]C[5], watau taki ɗaya sama, taki biyar dama, kwatancen nan dai tsirara. Ita ma iri ɗaya ce daga sama har ƙasa, shi ya sa ɗan koren tabon da Excel takan sa a kusurwar gidan da fomularsa ta saɓa wa ta maƙwabtansa ba ya fitowa. Kuskuren da aka yi wa kowa bai ɗaya, na'urar ba ta ganinsa a matsayin saɓani.

Kada a ɗauka ƙananan ma'aikata ne kaɗai suke faɗawa irin wannan rami. A 2010 waɗansu manyan masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa bincike mai cewa bunƙasar ƙasa tana raguwa ƙwarai idan bashinta ya wuce kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, 'yan siyasa a Turai da Amurka kuma suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi takardar lissafinsu ya bincika, sai ya tarar fomular da ta fitar da matsakaici ta tsaya a ƙasa 15 daga cikin 20, ta bar Ostireliya da Ostiriya da Beljiyam da Kanada da Denmak a waje. Nasu ba rashin alamar dala ba ne, kuma akwai waɗansu batutuwan da aka yi jayayya a kansu ban da wannan, amma dangin cutar ɗaya ne, fomula tana kallon gidajen da mai ita bai nufa ba, ta fitar da adadi mai kyan gani, shekara 3 ba wanda ya danna ya leƙa.

Wani zai ce, me ya sa ba za a rubuta adadin cikin fomula kai tsaye a huta ba, =B2*8%, ba turke ba igiya? Amsar tana cikin abin da ya faru a watan Fabrairu na 2020, lokacin da aka ɗaga harajin kayan masarufi na VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. Wanda ya ajiye adadin a gida guda ya ɗaure shi, gida guda ya gyara, shafin duka ya bi. Wanda ya cusa 5 cikin kowace fomula kuwa sai da ya bi su yana farauta shafi-shafi, kuma wadda ya manta tana nan tana lissafi da tsohon haraji. Wanda alamar dala take rikita masa ido yana da wata hanya, ya raɗa wa gidan suna. A danna H1, a je ɗan akwatin da ke sama ta hagu inda sunan gida yake fitowa, a rubuta Fansho, a danna Enter. Daga nan ana iya rubuta =B2*Fansho, sunan kuwa ɗaurarre ne tun asali, kuma yana aiki daga kowane shafi na littafin, wanda ya gaji kujerar ma zai karanta ya gane abin da ake nufi. Sharaɗin shi ne kada a bar tazara a cikin sunan, kuma kada ya yi kama da sunan wani gida. Wanda ya gwada sa wa gidan harajinsa suna VAT2020, Excel ba za ta karɓa ba, domin cikin ginshiƙai 16,384 ɗin nan akwai wanda ake kira VAT, kuma yana da sahu na 2020.